Tebur Mai Ƙusa Biyu

Kowa Yaya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Tsohon telan da ke kusa da famfo ya ba ta shekaru masu yawa, haƙoransa ma sun gama yi masa sallama, amma in ya leƙo sayen zare sai ka ji yana cewa Yaya an tashi lafiya. Ƙanenta ne ya ja mata, Auta, wanda tun bakinsa bai iya komai ba ya iya wannan kalma, ya yi ta yawo da ita a layin teloli har ta bi ta. Autan nan shi ne yau mai kantunan kayan ɗinki da ake gani a manyan tituna, masu shuɗin fenti da ƙofar gilashi, waɗanda shi kansa sai ya tsaya ya yi tunani kafin ya faɗi yawansu. Ita kuwa tana nan a shagon farko, inda mahaifinsu ya fara, a tsaye bayan wani tebur da ya gajarce har baƙo kan rasa gane abin da ya cinye shi. Zarto ne ya cinye shi, kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru, kuma da izininta. Abin da ya rage na teburin nan shi ne abin da ya rage mata na gidansu, ta kuwa san ya kusa ƙarewa.

Da can tebur ne na gaske. Lokacin da Baba ya kama shagon, ɗaki ne guda mai ƙofa ɗaya da 'yar taga can sama wadda ba ta shigo da komai sai ƙarar kekunan ɗinki. Ya samo wani katako mai kauri a wani sito da aka rushe, ƙarti suka ɗauko shi suna nishi, wani matashin kafinta ya yi masa ƙafafu. Da aka shigar da shi sai ya miƙe tun daga bangon ciki har bakin ƙofa, bai bar komai ba sai ɗan lungun da mutum zai raɓa ya wuce a karkace. Inna, mahaifiyarsu, mace ce mai jiki, ta kuwa daɗe ba ta yafe wa teburin wannan wulaƙanci ba.

A can ƙarshensa na wajen bango, inda Baba ke tsayawa, ya kafa ƙusa biyu na tagulla, ɗaya daf da bango, ɗaya gaba da ita yadi guda. Tsakaninsu ake auna leshi da roba da yadin shafi. Sai dai yadin Baba ya ɗara na kowa da faɗin babban yatsa. Shi ya ce da gangan ya yi, gyara ce ga mai saye. Inna ta ce sam, kuskuren awo ya yi ranar, girman kai ne ya hana shi cire ƙusar. Har suka bar duniya ba a raba wannan gardama ba. Teloli kuwa ba ruwansu da wanda ya fi gaskiya, sun dai san shagon da za su je.

A bayan teburin nan Yaya ta girma. Ta fara ne a kan wani akwatin katako da aka kifa mata don ta hango mai saye. Sama da kanta kwalaben alewa ne a jere, an cika su da maɓallai, na riga daban, na wando daban, da waɗansu masu ƙyalli da ba a sauko da su sai mai saye ya nuna da gaske yake. Zare kuwa launi-launi har rufi. Tela zai shigo da ɗan ƙyalle a hannu ya ce a ba shi zaren da ya dace da shi, Baba ya miƙa mata ƙyallen ba tare da ya ɗago kai ba. Ta kwaso zare uku ko huɗu ta fita bakin ƙofa inda haske yake, ta ɗora, ta karkata kai, ta dawo da guda. A nan ta koyi cewa ja ba ɗaya ba ne, kuma telan da ya ce sauri yake yi shi ne zai fi kowa daɗewa yana hira.

Akwai ƙanne biyu a tsakaninta da Auta, amma su makaranta ta ɗauke su tun da wuri, shago bai taɓa shiga ransu ba. Auta kuwa a ƙarƙashin teburin ya yi rarrafe, a cikin wani kwalin zare yake barcin rana, ƙafar Yaya na jijjiga kwalin hannunta na auna leshi. Wata rana ya haɗiye maɓalli. Da aka gaya wa Baba, abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne wane iri, don akwai wani iri da ya yi wuya a kasuwa lokacin. Inna ba ta ƙara yi masa magana ba sai washegari, bayan maɓallin ya fito lafiya.

Aure bai kai Yaya nesa ba. Mai gyaran keken ɗinki ta aura, wani mutum shiru-shiru mai ƙamshin man keke, wanda rumfarsa ke ƙarshen layin. Da safe su fito tare, shi ya tsaya a rumfarsa ita ta ƙarasa shago. Allah bai ba su haihuwa ba, ita kuma ba ta tsaya tana kukan abin a gaban mutane ba. In mata suka fara yi mata irin jajen nan da ya fi ciwon zafi, sai ta nuna Auta da baki ta ce wannan ɗaya ma ya ishe ta ciwon kai. Cikin wasa take faɗa, amma gaskiyarta ke nan. Ita ta goya shi, ita ta raka shi makaranta yana kuka, ita ta san lokacin da ya yi ƙarya tun kafin ya rufe baki.

Auta ya tashi da ƙafa mai ƙaiƙayi. Baba mutum ne da in mai saye bai zo ba sai ya gyara zama ya jira shi, Auta kuwa sai ya fara tambayar ina mai sayen ya tafi. Ya lura teloli na tasowa tun daga sabuwar unguwa, can ƙetaren hanyar jirgi, su sha rana saboda zif guda. Ya yi wa Baba maganar a buɗe musu shago a can, Baba ya ce wanda ke son zif ya san hanya. Maganar ta kwanta har Baba ya yi 'yar gajeruwar jinya ya rasu. Bayan an share makoki Auta ya sake tayar da ita, wannan karon a gaban Yaya, yana magana yana wasa da almakashi don kada su haɗa ido. Ta ce ya je ya gwada, in ya faɗi ai ya san hanyar gida.

Ya kama wani ɗan shago a can, duk abin da yake da shi ya tafi a haya da kaya. Ranar da Yaya ta je gani, ta tarar da shi a tsugune a ƙasa, kwalaye zube a gefensa, yana auna wa wata mata leshi daga hancinsa zuwa ƙarshen hannu. Matar na kallonsa irin kallon da ake yi wa wanda ba a yarda da shi ba. Yaya ta gaishe su kawai ta juya. A hanya ranta ya yi ta suya, ɗan Baba guda a ce yana awo da hanci. Ba ta wuce shago ba sai da ta biya ta wurin kafintan nan da ya yi wa teburin ƙafafu, ta ce ya zo da zartonsa.

Inna ta yi kuka ranar. Ta ce ƙasar kabarin mutum ba ta gama kwanciya ba an fara yanka masa kaya. Yaya ta ce teburin Baba na 'ya'yan Baba ne, kuma ɗaya daga cikinsu yana can a tsugune. Kafinta ya yanke wajen kashi ɗaya cikin uku daga ɓangaren ƙofa, ya matso da ƙafafu ciki, ya yi wa guntun nasa ƙafafun, aka ɗora a amalanke aka kai wa Auta. Da la'asar Inna ta tashi za ta fita, sai ga ta ta wuce bakin ƙofa a miƙe, ba karkacewa ba riƙe numfashi. Ta tsaya ta waiwayi wurin, ta share ido, ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Kasuwa ta buɗe wa Auta a can. Shi ya fara ƙulla maɓallai dozin-dozin a 'yar leda don kada tela ya tsaya jiran ƙirga, shi ya fara aika wa masu shagunan ɗinki kaya har inda suke. Ba a daɗe ba ya kama shago na uku kusa da tasha. Wannan karon yana da halin sayen tebur goma in ya so, amma sai ga shi ya shigo yana sosa ƙeya yana murmushi, ya ce tun da an ba wancan shagon rabonsa, ai bai kamata a nuna wa wannan bambanci ba. Yaya ta ce masa ɗan banza, ta aika a kira kafinta. Suka yanke kamu guda cur, hankalinsu kwance, sai ka ce suna da daji a bayan gida. Ba wanda ya yi tunanin gaba a cikinsu. Wa zai ce shagon maɓalli zai haifi abin da ya haifa?

Daga nan abin ya zama jiki. Ba a buɗe sabon reshe sai an zo shagon farko an yanki teburin Baba. Ranar yanka Yaya kan rufe rabin ƙofa, ta sa a ɗora shayi a babbar buta. Dangi su cika ɗakin har waje, 'yan bokon nan biyu su zo da iyalansu, matar Auta ta zo da yara, teloli su bar kekunansu su leƙo. Auta ya cire takalmi a bakin ƙofa ya haye buhun auduga ya naɗe ƙafa, nan take ya koma yaron da ta sani. Ta yi masa faɗa a kan ramarsa, daga baya da ya yi tumbi ta koma yi masa faɗa a kan tumbin. A sake ba da labarin maɓallin da ya haɗiye, a yi dariya kamar ba a taɓa ji ba. Kafinta yana zarto yana mita cewa katakon nan zai kashe masa haƙoran zarto, yara na tara garin katako a tafin hannu. Sai rana ta yi sanyi a watse. Yaya ta share ɗakin ita kaɗai, gwiwoyinta na ciwo, zuciyarta fes.

A hankali a hankali abin ya fi ƙarfin layin teloli. Auta ya daina sayen kaya a hannun 'yan sari, ya riƙa zuwa masana'anta da kansa. Ya gina sito, ya sayi mota mai ɗaukar kaya, sannan motoci. Ya ƙara da yaduka, da kekunan ɗinki, da labule. Ya sa aka yi wa duk shagunan fenti iri ɗaya, ma'aikata riga iri ɗaya, farashi ɗaya ko'ina, ba tayi ba ragi. Ya tsallaka gari na kusa, sannan na gaba da shi, har garuruwan da Yaya ba ta taɓa takawa ba. Shagon farko kaɗai ya bari yadda yake, don ranar da masu fenti suka zo da bokitansu Yaya ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu, suka duba fuskarta suka koma mota.

Yanka kuwa sai sirancewa yake yi. Daga kamu ya koma taƙi, daga taƙi ya koma faɗin tafin hannu. An daina yin tebur da shi, sai a goge shi a sa a cikin gilashi a rataye a bango kusa da inda ake biyan kuɗi. Sau ɗaya Yaya ta je ganin wani babban reshe ba tare da ta gaya wa kowa ba. Bene ne mai matakala da ke tafiya da kanta, sanyin na'ura ya sa ta ƙara jan mayafi. Wata yarinya mai shuɗiyar riga ta taryo ta da fara'a ta ce Mama me za a ba ki. Yaya ta ce kallo ta zo. Ta sami guntun katakon a bango, an kunna masa 'yar fitila a sama, ta gane shi nan take, don ga baƙin tabon da fitilar Baba ta bari ranar da ta kife. Yarinyar ta yi mata bayani cewa wannan daga teburin wanda ya kafa kamfanin ne, ma'aikata ma kan taɓa gilashin da safe. Yaya ta ce Allah sarki, ta sayi zare guda ta biya ta fito. Abin ya ba ta dariya ya kuma ba ta tausayi, ta rasa wanne ya fi.

Cikin waɗannan shekaru Inna ta rasu, mijinta mai gyaran keke ma ya bi ta. Layin teloli ya fara ɓaɓɓakewa, wannan ya tashi ya koma sabuwar kasuwa, wancan ido ya hana shi zura zare a allura, rumfuna suka koma na masu sayar da kayan waya. Auta bai manta da ita ba, kada a ɗauki alhakinsa. Direbansa na zuwa da buhuna da magunguna. Ya gina mata ɗaki a gidansa mai banɗaki a ciki, ya yi ta roƙonta ta zo ta huta, ta ce ba ta gaji ba. Yana kiranta a waya, sai dai irin kiran nan ne da kake jin wata wayar na kuka a gefe. Kullum yana nan tafe ƙarshen mako, ƙarshen makon ne dai ba ya zuwa. Ƙafarsa ba ta taka shagon sai ranar yanka. Ranar kam ko yana ƙarshen duniya zai dawo, don shi ma ya yarda da abin fiye da yadda yake nunawa.

Ranar wani yanka, bayan an watse, kafinta ya tsaya yana tattara kayansa a hankali fiye da kullum. Shi ma ya tsufa tukuf, ya rankwafa, aiki ya daina karɓa sai wannan ɗaya. Ya ɗora yatsa a bakin teburin ya nuna mata. Tsakanin inda zarto ya tsaya da ƙusar tagulla babu abin da ya rage sai ɗan abin da ke riƙe da ita.

"Yaya, mun iso," in ji shi. "Yanka na gaba sai an cire ta."

Ta daɗe tana kallon wurin. Yadin Baba guda ya rage, daga ƙusa zuwa ƙusa, daidai inda Baba ya tsaya rayuwarsa duka, inda gwiwar hannunsa da tata suka goge katakon har ya yi santsi. In aka cire ƙusar nan ya tashi daga teburin awo, ya zama guntun katako kawai. Ita kuma me za ta zama, tsohuwa a bayan guntun katako?

Da Auta ya kira bayan 'yan watanni ya ce a shirya kafinta, an kusa buɗe wani, sai ta ce a'a. Ta shirya faɗa, ta tanadi maganganu tun daga goyon da ta yi masa har zuwa amalanken da ya kai masa tebur. Ba ta sami damar amfani da ko ɗaya ba. Sai kawai ya ce gaskiyarta, abin ma ya isa haka, tun tuni ya kamata su bar mata sauran. Ya ce shi ke nan, yadda ta ce haka za a yi. Ya tambayi ƙafarta, ya yi sallama. Ta ajiye wayar tana jin kamar wadda ta jingina da ƙofa da ƙarfi ashe a buɗe take.

Aka buɗe reshen ba katako. A bakin direba ta ji. Aka buɗe wani bayansa, wannan a rediyo ta ji. Ba abin da ya faru, rufi bai faɗo ba, masu saye ba su gudu ba. Teburinta na nan lafiya lau, tana goge shi da man keke duk safiya, ƙusoshin na sheƙi. Tana auna leshi ga 'yan tsirarun da suka rage, tana hira da tsohon telan kusa da famfo. Babbar butar shayi na can saman kabad tana tara ƙura. Damina ta zo ta wuce, wata ta kama hanya, ba wanda ya hau buhun auduga. Yaran Auta da suke ce mata Goggo, ƙaramar cikinsu ta yi tsawo a hoto ne kawai. Ta ci nasara, ta kuwa rasa wanda za ta gaya wa.

Kewa ta ishe ta, wata rana ta rufe shago ta hau mota ta tafi ofishinsa. Aka karɓe ta hannu bibbiyu. Sakatariya ta rusuna, aka kawo lemo mai sanyi a faranti, shi kansa ya taso ya riƙo hannunta ya zaunar da ita a kujera mai laushi da ta kusa haɗiye ta. Ya yi murna da gaske, ta gani a idonsa. Amma ana ta ƙwanƙwasa ƙofa, wannan ya shigo ya ce Yallaɓai, wancan ya shigo da takarda ya ce Yallaɓai. Ta ga furfura ta cika masa gefen kai, ta ga yana shan wani magani a ɓoye, faɗa ya zo mata har baki. Ta haɗiye. Ba a yi wa Yallaɓai faɗa a gaban mutanensa. Suka yi gaisuwa irin ta mutunci, ya sa direba ya maido ta. A bayan motar nan mai sanyi hawaye ya zo mata, don ta ga shugaban kamfani, ta sha lemonsa, amma ba ta ga ƙanenta ba.

Washegari ta tsaya a bayan teburin ta dafa shi da hannu biyu. Ta ƙi a taɓa shi ne don shi ya rage mata na gidansu. To amma gidan nasu ba ya taruwa sai in za a taɓa shi. Ta juya maganar ta kowace fuska, ba ta sami wata mafita ba, ta kuwa ji haushin Baba da ya sayi katakon da ke ƙarewa, da haushin kanta da ta yi ta kyauta da kamu-kamu lokacin ƙuruciya. Da rana ta ɗaga ta taka har gidan kafinta. Ya ce mata ta yi tunani, in ƙusa ta fita ba ta komawa, da me za ta riƙa awo? Ta ce da tef, kamar sauran bayin Allah.

Ta kira Auta ta ce ta ji za su buɗe wani, ya zo ya karɓar masa rabonsa. Ya tambaye ta, a hankali, ko jikin ne. Ta ce lafiyarta ƙalau, ta fi shi ma, ya dai zo, kuma ya zo da yaran.

Suka zo. Ɗakin bai cika kamar da ba, don da yawa daga masu cika shi sun riga mu gidan gaskiya, amma an sauko da butar an wanke. Auta ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya hau buhun da ƙyar yana dafa bango, ya naɗe ƙafa ɗaya, ɗayar ta ƙi naɗuwa. Ta same shi yadda take so. Ta tambaye shi maganin da yake sha a ɓoye, ta wanke shi tas a gaban matarsa da 'ya'yansa, yana sunkuyar da kai yana cewa to Yaya, to Yaya, yaran na ƙunshe dariya.

Kan ƙusar ya goge ya kusa shafewa da katako, sai da kafinta ya ɗan sassaƙe gefenta kafin filaya ta kama. Ta fito da ƙara, doguwa, baƙa daga ƙasa. Yaya ta kau da kai wajen kwalaben maɓalli har aka gama. Kafinta ya ɗauko zarto ya tambayi inda za a yanka. Auta ya sauko daga buhu ya aza yatsu uku a bakin katakon, yadda aka saba a 'yan shekarun baya. Yaya ta kama hannunsa ta naɗe yatsu biyu ta bar ɗaya.

Ya yi dariya, ya juya wajen 'ya'yansa ya ce su zo su ga rowa, Goggonsu ta tsufa ta koyi maƙo.

"Ba rowa ba ce," in ji ta, ba ta saki hannun nasa ba. "Ba ka zuwa sai ranar yanka, Auta. So nake katakon ya kai ni ƙarshen kwanana."

Dariyar ta tsaya masa a fuska. Ya dubi abin da ya rage na teburin, ya dube ta, ya ga yadda ta ƙanƙance a cikin mayafinta. Ya buɗe baki zai ce ai ko ba yanka zai riƙa zuwa, sai ya tuna sau nawa ya faɗi haka, ya kuma ga ita ma ta tuna. Ya rufe bakin. Idonsa ya kawo ruwa, ya juya wajen kafinta.

"Baba kafinta, zartonka zai iya rabin wannan?"

Tsohon ya duba bakin zarton, ya duba katakon, ya ce zai iya, in aka sami mai riƙe masa sosai. Auta ya naɗe hannun rigarsa, ya durƙusa a ƙasa ya riƙe.